Cika kwalba a ƙarƙashin matsi

Cika kwalba a ƙarƙashin matsi hanya ce ta zuba giya, ko wani abin sha mai gas, daga ganga zuwa kwalba ba tare da gas ɗin ya tsere ba. Ana fara ɗura iskar kabon dayoksaid a kwalbar har matsin cikinta ya yi daidai da na gangar, sannan a bar ruwan ya shiga a hankali. Kamfanonin giya da na lemon kwalba suna aiki da wannan dabara da manyan injuna, masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka kuwa suna yi da ƙaramar na'ura ta hannu.

Tarihi

Birtaniya ta soke sharaɗin lasisi ga mai haɗa giya a gida a shekarar 1963. A Amurka, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da irin wannan izini a 1978, ta fara aiki a 1979. Daga baya masu wannan sha'awa suka koma amfani da gangar Cornelius, wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai cin lita kusan 19. Kamfanonin lemo ne suka fara amfani da ita, kafin su koma zuba ruwan lemonsu a leda cikin kwali. Ganga tana rage wahalar wanke kwalabe, amma ba a iya aika ta wajen gasa ko ba da ita kyauta, shi ya sa ake neman hanyar mayar da giyar cikin kwalba.

Dalilin kumfa

A 1803 masanin kimiyya ɗan Ingila, William Henry, ya nuna cewa yawan gas ɗin da ke narkewa a ruwa yana bin ƙarfin matsin gas ɗin da ke kansa. Ruwan sanyi kuma ya fi ruwan ɗumi riƙe gas. Ana auna gas ɗin giya da ninki: ninki ɗaya yana nufin lita ɗaya ta gas a cikin lita ɗaya ta ruwa, wato kusan giram 2. Giyar gargajiya ta Ingila tana da ninki 1.5 zuwa 2, yawancin giyar kasuwa tana da kusan 2.5, giyar alkama ta Jamus da wasu na Beljiyam kuwa suna kai 3 zuwa 4 ko fiye.

Idan aka zuba giya mai gas da yawa a kwalba a buɗe, matsi yana faɗuwa nan take, gas ɗin ya fito a matsayin kumfa. Kwalbar takan cika da kumfa kafin ta cika da ruwa, kuma abin da ya rage yakan rasa kaifinsa.

Yadda ake yi

Na'urar tana ƙunshe da dogon bututu mai kaiwa gindin kwalba, da toshiyar roba, da bawul uku: na gas, na giya, da na sakin iska. Ana bin waɗannan matakai:

1. Ana sanyaya gangar zuwa kusan digiri 0 zuwa 2 a ma'aunin Selsiyas, a wanke kwalabe, a kashe ƙwayoyin cuta, a sa su su ma su yi sanyi.
2. Ana hura gas a kwalbar don korar iskar da ke ciki.
3. Ana toshe bakinta, a ƙara gas har matsinta ya kai na gangar.
4. Ana buɗe bawul ɗin giya. Tunda matsin ɗaya ne, giyar ba ta gudu sai an ɗan saki iska, kuma yawan sakin shi ne ke tsara saurinta.
5. Idan ta cika, ana rufe bawul ɗin giya, a sauke matsin a hankali, a zare bututun, a danna murfi nan da nan.

Ana son ɗan kumfa ya tsaya a wuyan kwalba kafin a rufe, domin yana ture ragowar iska. Iskar oksijin ita ce ke sa giya ta tsufa da wuri, ɗanɗanonta ya koma kamar na jiƙaƙƙen kwali.

Haɗari

Gas ɗin da aka kulle a kwalba yana ƙara matsi idan ta yi ɗumi: giyar da ba ta da matsala a firiji tana iya fasa kwalba a ɗaki mai zafi. Saboda haka giya mai ninki sama da 3 ana zuba ta ne a kwalba mai kauri irin ta Beljiyam ko ta shamfen. Ba a amfani da kwalbar da ta tsage, kuma ana sa tabarau na kariya, domin gilashi yana iya tarwatsewa a hannu lokacin ɗura gas. Haka nan, idan yis bai gama cinye sukarin giyar ba, zai ci gaba da samar da gas bayan an rufe murfi.

Wata hanya

Tsohuwar hanya ita ce a zuba giya marar gas a kwalba, a ƙara mata ɗan sukari, a bar yis ya samar da gas cikin mako biyu zuwa uku. Ba ta buƙatar ganga ko tukunyar gas, amma tana barin laka a gindin kwalba, kuma kuskure a awon sukari yana iya sa gas ya yi kaɗan ko ya wuce kima. Cikawa daga ganga tana ba da ruwa garau mai gas daidai gwargwadon abin da aka auna.