Kirci ga yara: a daina dirzar fata, a riƙa shafa mai

Da zarar hunturu ya kama daga Maradi zuwa Damagaram, mukan ga jarirai da busassun kumatu, suna kwana kuka saboda ƙaiƙayi. Sau da yawa wannan kirci ne, wanda likitoci ke kira egzema.

Ga jariri yakan fito a kumatu da goshi. In yaro ya tasa, sai ya koma cikin lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Ba a ɗaukarsa kamar ƙazuwa, wadda ke bin ƴan gida duka. Yakan bi jini, musamman a gidan masu asma.

Kuskurenmu iyaye shi ne dirza da soso da sabulu mai kaifi, alhali bushewar fata ce tushen matsalar. A yi wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa man kaɗe ko bazilin tun jiki bai bushe ba. A yanke farce, a sa tufafin auduga.

Kada mu sayi man shafawa wurin masu tallar magani, domin wasu na da kortizon mai ƙarfi da ke ɓata fatar jariri. In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya shiga, a garzaya gidan likita ranar.