Renon Sababbin Malamai da Riƙe Su

Cikin watan Disamba na 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, cikin 2023 kuma aka tabbatar da ita da doka. Kafin wannan, cikin 2019 ɗin, an ba Daura makarantar koyon sana'a ta Tarayya. Duk wanda ya ga gine-ginen zai yi murna. Amma akwai tambaya ɗaya da ta kamata mu yi wa kanmu, mu da mu ke koyon aikin malanta, watau su wane ne za su karantar a cikinsu, kuma me zai zaunar da su?

Gini dai a kan gama shi cikin shekara 3 ko 4. Malamin jami'a kuwa ba ya samuwa haka. Yaron da ya fita sakandare yana son ya karantar da ilmin injiniya sai ya yi shekara 5 a digiri na farko, ya yi shekara 1 yana bautar ƙasa, ya yi wajen 2 a digiri na biyu, sa'an nan 3 ko fiye a na uku. Ga shekara 11 nan ta tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rasa malamai bayan an sha wahalar renonsu ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Cikin 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina musamman domin ta fid da malamai. Ahmadu Bello ya fita cikin 1931, ya karantar a Midil ta Sakkwato, cikin 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Imam ya karantar a Midil ta Katsina, cikin 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Abubakar Tafawa Ɓalewa aka aika da shi Ingila cikin 1945 ya ƙaro ilmin koyarwa, da ya komo ba a daɗe ba siyasa ta ɗauke shi. Ƙasa ta amfana da su, babu shakka, amma ajin da suka bari ya yi rashi.

To, wace dabara Gwamnati ta yi a zamanin jami'o'i? Cikin 1993 aka yi doka kamfanoni su riƙa biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin ilmi. Cikin 2011 aka mai da asusun ya zama na manyan makarantu kaɗai, shi ne a ke kira TETFund. Daga cikinsa a kan biya wa ƙaramin malami kuɗin digiri na biyu da na uku, shi kuma ya sa hannu a kan alkawari zai komo ya yi wa makarantarsa aiki. Cikin 2012 kuma aka ɗaga shekarun ritayar farfesoshi zuwa 70, don manya su daɗe tare da na baya, gama da tsohuwar zuma a ke magani.

Duk da haka ɓaraka ba ta toshe ba. Cikin 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki wata 8, tun daga Fabrairu har Oktoba, aka kuwa tsai da albashinsu. Manya suna da abin jingina, amma ƙaramin malami mai sabon aure da gidan haya ba shi da kome. Waɗansu da aka aika ƙasashen waje suka ƙi komowa, har cikin 2024 asusun ya ba da sanarwar dakatar da aika sababbi waje, saboda tsada da gudun waɗanda aka aika.

Abin da mu ke gani shi ne takardar alkawari ba ta riƙe mutum. Abu 3 ne ke riƙe shi: albashin da zai ci da iyalinsa, a biya shi kan lokaci, kayan aiki da littattafai, don kada ilminsa ya rube, da babban malami wanda zai ja shi a jiki ya nuna masa hanya. Mutanen Daura, masu rijiyar Kusugu, sun san sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Garin da ke nesa da manyan birane kuwa sai an haɗa wa malami da gida da makarantar 'ya'yansa.

Mu ma akwai namu nauyi. Wanda aka karantar da kuɗin jama'a, bashi ne a wuyansa. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta cikin 2021, ta Daura aka tsara za ta bi. In ba mu zauna mun koya wa ƙannenmu ba, kullum sai an ɗauko baƙi su gyara mana ita. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, amin.