Malmalar Tuwo da Sukarin Jini

Duk abinci mai sitaci, wato irin su dawa, masara, acca, shinkafa, doya da rogo, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya zama sukari, ya bi jini. Da zarar sukarin ya hau, sai wani ƙulli da ke bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas, ya saki ruwan insulin. Shi ne ke buɗe wa sukari hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan insulin ya gaza, ko kuwa jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Ciwon sukari ke nan.

Abu biyu ne ke nuna yawan insulin da jiki zai nema: saurin narkewar abinci, da yawan abin da aka ci.

A shekarar 1981 Dokta David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada suka fito da ma'aunin wannan sauri. Sun ba tsantsar sukarin gulukos lamba 100. Abincin da ya kai 70 ko fiye mai saurin hawa ne, wanda bai wuce 55 ba kuwa a hankali yake tafiya. Farin burodi yana sama, wake yana can ƙasa. Surfe da niƙa mai laushi suna ƙara saurin. Dusa da wake da miya mai yauƙi, kamar ta kuɓewa, suna rage shi.

To, amma ma'aunin bai faɗi girman malmala ba, nan kuwa ake yawan yin kuskure. A ƙasar Kauru da Kafanchan, inda ake noman acca, magana ta bazu cewa ita ce abincin mai ciwon sukari. Acca abinci ce mai kyau, babu shakka, sai dai kusan kashi uku cikin huɗu na busasshiyar ƙwayarta sitaci ne, daidai da 'yan'uwanta hatsi. Wanda ya bar malmala ɗaya ta tuwon masara ya koma cin uku na acca, ya ƙara wa fankiriyas ɗinsa aiki ne. Haka kuma fatan acca mai yalwar ganye ya fi kununta da aka zuba wa sukari.

Manomin da ya yini yana huɗa, tsokarsa na shan sukarin ba da wahala ba. Ma'aikacin ofis bai kamata ya auna kwanonsa da na manomi ba.

Mai yawan ƙishirwa da fitsari da rama, ya je asibiti a auna jininsa da safe kafin ya karya. Awon miligiram 126 ko fiye, idan ya maimaitu, alamar ciwon ce. Wanda kuma yake allurar insulin kada ya rage abinci ko ya tsallake shi sai da shawarar likita, domin sukari na iya faɗuwa har mutum ya suma.