Vuvuzela: Bututun Roba Da Ya Cika Duniya Da Ƙara, Da Inda Ribarsa Ta Tafi

Duk wanda ya kalli gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Afirka ta Kudu daga ran 11 ga watan Yuni zuwa 11 ga watan Yuli na shekarar 2010, ko ya saurare ta a rediyo, ba zai manta da wata ƙara mai kama da kukan taron ƙudan zuma ba, wadda ba ta yankewa tun daga busar farko har zuwa tashi. Ita ce ta cika filin Ellis Park na birnin Johannesburg ran 12 ga watan Yuni, sa'ad da Ajantina ta ci Nijeriya ɗaya da nema. Abin da ke fitar da wannan ƙara kuwa wani bututun roba ne da ake kira vuvuzela, wanda tsawonsa bai wuce santimita 65 ba, ba shi da batir, ba shi da maɓalli, ba shi kuma da wani sashe mai motsi.

Ga mai sha'awar ƙwallo, zancen vuvuzela ya zama tarihi. Amma ga ɗan kasuwa da mai masana'anta, akwai abin lura a cikin labarinta, domin sauƙin ƙirar da ya sa ta bazu cikin duniya, shi ne kuma ya hana waɗanda suka fara fito da ita kasuwa cin moriyarta yadda ya kamata.

Yadda aka ƙera ta

Vuvuzela 'yar gidan su kakaki da ƙaho ce. Ba ta da beli irin na algaita. Mai busa shi ke matse leɓunansa a bakinta ya hura, leɓunan su riƙa karkarwa, iskar da ke cikin bututun ta ɗauki wannan karkarwa ta daidaita ta. Saboda haka abubuwa uku ne kawai mai ƙira zai yanke shawara a kansu: bakin da ake ɗora leɓe, da tsawon bututun, da faɗin bakin da ƙara ke fita.

Tsawon bututu shi ke tsai da muryar. In ya yi tsawo murya ta yi kauri, in ya gajarta ta yi siriri, kamar yadda kowa ya sani game da kakakin fada, wanda tsawonsa ya ninka na vuvuzela sau da yawa. A tsawon da aka saba yin vuvuzela, iskar cikinta kan kaɗa kimanin sau 235 a daƙiƙa ɗaya. Da yake ba ta da ramukan da ake toshewa da yatsu, murya guda ce ke gare ta. Wannan ne dalilin da ya sa in mutum dubu goma suka busa a tare, kowanne da ɗan bambancin ƙarfin numfashi da matsin leɓe, sai muryoyin su cakuɗe su zama guguwa ɗaya mai kama da ta zuma.

Shi kuwa buɗaɗɗen bakin da ke ƙarshe, aikinsa shi ne ya miƙa ƙarar ga iskar waje ba tare da ta maƙale a ciki ba, ya kuma fuskantar da ita gaba. A nan ne ƙarfin abin yake, a nan ne kuma matsalarsa ta soma.

Ta fuskar masana'anta, da wuya a sami kaya mai sauƙin yi kamar wannan. Ana narka ƙwayoyin roba, a tura su cikin mazubin ƙarfe, ko a hura su da iska su ɗauki siffarsa, su huce, a cire. Launi kuwa tun a cikin robar ake zuba shi. Babban kuɗin duka yana wajen sassaƙa mazubin. Da zarar an same shi, kuɗin kowace ƙwaya bai wuce na robar da ta ci, da wutar lantarki, da ladan ma'aikaci ba. Ma'ana, gwargwadon yawan da aka buga, gwargwadon arahar kowace ɗaya.

Wane ne mai ita?

Har yanzu akwai masu da'awa fiye da ɗaya a kan asalinta. Freddie Maake, wanda aka fi sani da laƙabin Saddam, sanannen mai goyon bayan ƙungiyar Kaizer Chiefs, ya ce shi ya fara yin irinta a shekarar 1965 da ƙahon keke na gorar ruwa, kuma an riƙa hana shi shiga fili da ita domin ana ganin za ta iya zama makami. Haka kuma mabiya cocin Nazareth Baptist, wadda aka fi sani da cocin Shembe, sun ce tun farkon ƙarni na 20 suke busa dogon ƙaho mai wannan siffa a wajen ibadarsu.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne, a shekarar 2001 ne Neil van Schalkwyk, wani masanin aikin roba a birnin Cape Town, ya fara buga ta da yawa a ƙarƙashin kamfanin Masincedane Sport. Sauya ta daga ƙarfe zuwa roba ya warware matsaloli uku a lokaci guda: ta yi araha, ta yi sauƙin ɗauka, aka kuma daina yi mata kallon sanda. Kasuwarta ta ƙara buɗewa bayan da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta ba Afirka ta Kudu izinin ɗaukar baƙuncin gasar ran 15 ga watan Mayu na 2004. A lokacin gasar share fage ta zakarun nahiyoyi a 2009, 'yan wasa da gidajen talabijin na Turai sun koka, suka nemi a hana ta, amma shugaban FIFA na wancan lokaci, Sepp Blatter, ya ƙi, bisa hujjar cewa al'adar masu masauki ce. Wannan hukunci shi ne tallar da ba a biya ko kwabo a kanta ba.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Doka ba ta ba mutum takardar mallakar ƙirƙira sai a kan abin da yake sabo, shi kuwa ƙaho tun kaka da kakanni ake busa shi. Sunan ma ya riga ya shiga bakin jama'a, ya zama sunan kowane bututu irin wannan, ko wane ne ya yi shi. Duk mai injin roba da ya sayi ƙwaya ɗaya ya auna ta, ya gama sanin sirrinta.

Waɗanda suka kwashi kasuwar

Rahotannin da aka bayar a lokacin gasar sun nuna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na vuvuzelar da aka sayar a ƙasar Sin aka yi su, musamman a gundumar Ninghai ta lardin Zhejiang, da yankin Shantou na lardin Guangdong, wanda ya daɗe da shahara wajen kayan wasan yara. Masana'antun waɗannan wurare ba su ƙirƙiri kome ba. Abin da suke da shi shi ne masu sassaƙa mazubi a kusa, da injina a shirye, da wutar da ba ta yankewa, da tashoshin jiragen ruwa a bakin ƙofa. Sun kuma fara aiki watanni kafin gasar, domin kayan da za su bi teku zuwa Durban ko Cape Town sai an ba su makonni.

Duk da haka, su ma ba su ne suka ci kaso mafi tsoka ba. Da yake masana'antu da yawa ne ke buga abu iri ɗaya, sai suka riƙa karya wa juna farashi, ribar kowace ƙwaya ta zama 'yar ƙanƙanuwa. Tazarar da ke tsakanin farashin bakin masana'anta da na bakin filin wasa, wadda ta ninka sau da yawa, ta tafi ne aljihun masu shigo da kaya, da dillalai, da kamfanonin da suka buga tambarinsu a jiki suka raba wa jama'a don talla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙarar da ta rufe kasuwar

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Gidauniyar Hear the World ta ƙasar Suwizalan ta auna vuvuzela a 2010 ta sami desibel 127, masu bincike na Jami'ar Pretoria kuma suka sami abin da ya kai 131 a daidai bakinta. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa ita ce kada mutum ya wuce sa'o'i takwas cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Bisa wannan lissafi, a desibel 100 minti 15 ne kawai. Wasan ƙwallo kuwa minti 90 ne, ban da hutu. Daɗin daɗawa, wani bincike da aka yi a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta London ya nuna cewa busa ta na watsa ɗigon yawu masu yawa cikin iska, abin da ke iya yaɗa cututtukan numfashi.

Masu ƙirar asali sun yi ƙoƙarin gyara. An fito da samfurin da aka sauya wa baki don rage ƙara, wanda kuma aka yi shi gida uku da ake harhaɗawa, yadda in an doki mutum da shi sai ya rabu maimakon ya ji masa ciwo. Wannan dabara tana da wata fa'idar ta ciniki, domin gutsattsari uku sun fi dogon bututu sauƙin shiryawa a kwali, kuma a kayan roba marasa nauyi, wurin da kaya suka ci a kwantena shi ke tsai da kuɗin dako. Sai dai gyaran ya zo ne bayan kasuwa ta riga ta cika da na kwaikwayo.

Ba a yi wata biyu da kammala gasar ba, a farkon watan Satumba na 2010, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta hana shiga da vuvuzela duk wasannin da take shiryawa. Kafin nan ma masu shirya gasar tanis ta Wimbledon da wasu ƙungiyoyin ƙwallo na Ingila sun riga sun hana ta. Wanda ya tara kaya a sito yana jiran kasuwar Turai, ya wayi gari da tarin robar da ba mai nema.

Abin da ya faru a Burazil ya ƙara tabbatar da wannan darasi. Domin gasar 2014, mawaƙi Carlinhos Brown ya fito da caxirola, wani ɗan abin kaɗawa na roba mai ƙwayoyi a ciki, mai aiki kamar cakin da muka sani. An yi shi da gangan don kada ya kai vuvuzela ƙara, har shugabar ƙasar ta lokacin, Dilma Rousseff, ta halarci bikin nuna shi. Amma a watan Afrilu na 2013, a wani wasa a birnin Salvador, 'yan kallon da suka fusata suka yi ta jifa da shi cikin fili. Daga baya aka hana shiga da shi filayen gasar. Masu ƙirar sun yi maganin kunne, suka manta cewa abin da ya cika tafin hannu yana da daɗin jifa.

Abin lura ga 'yan kasuwarmu

Kayan busa da na kaɗawa na roba suna cikin abubuwan da ake saya wa yara a lokacin Sallah da Kirsimati a kasuwannin ƙasar nan, kuma akasarinsu daga waje ake shigo da su, alhali akwai masana'antun roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da kuma Legas, ga kuma masana'antar Eleme ta jihar Ribas mai samar da ƙwayoyin robar. Mai niyyar shiga wannan fage yana iya ɗaukar abubuwa kaɗan daga labarin vuvuzela.

Na farko, kariyar doka. Dokar mallakar ƙirƙira da siffar kaya ta Nijeriya ta shekarar 1970 ta ba da damar yi wa sabuwar siffar kaya rajista na tsawon shekara biyar, ana kuma iya sabunta ta sau biyu, wato shekara 15 ke nan gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne siffar ta kasance sabuwa a ranar da aka nema. Wanda ya fara baza kayansa a kasuwa sa'an nan ya tafi ofishin rajista, ya makara. Haka zalika rajistar Nijeriya a Nijeriya take aiki, ba ta hana wata masana'anta a wata ƙasa bugawa, amma tana ba mai ita hujjar ƙalubalantar wanda ya shigo da na kwaikwayo.

Na biyu, lokaci. Kaya irin wannan na yayi ne, kasuwarsu 'yan makonni ce. Mai mazubi a gida yana da fifiko ɗaya a kan mai jiran jirgin ruwa, domin yana iya buga kaɗan ya gwada, in ta karɓu ya ƙara, in ta mutu ya tsaya.

Na uku, lafiyar mai amfani. Ƙa'idojin kayan wasan yara na Tarayyar Turai sun ƙayyade iyakar ƙarar da abin wasa zai fitar, sun kuma yi tanadi a kan ƙananan sassa da yaro zai iya haɗiyewa. A nan gida ma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ke da alhakin tantance irin waɗannan kaya. Desibel nawa abin zai fitar, ko zai fashe ya zubar da ƙwayoyin cikinsa, ko zai ji ciwo in an yi jifa da shi, duk tambayoyi ne da ake amsawa a kan takarda kafin a biya mai sassaƙa mazubi. Gyara zane kuɗin fensir ne kawai, amma gyara mazubin da aka riga aka sassaƙa sau da yawa yana nufin sayen wani sabo.