Shaidar Takarda a Kan Abin da Ido Ba Ya Gani

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙi sarautar Damagaram har shekarar 1884, sa'ad da ayarin Agadas da na Kano ke sauke kaya a Zango, mai sayen nama ba ya bukatar wata hujja face sanin cewa Sarkin Pawa ya ga dabbar kafin a kai ta ƙasa, domin mahauci da mai ci maƙwabta ne, kunya kuwa kan tsare abin da doka ba ta kai gare shi ba. To amma kilishin da ake shanyawa yau a Damagaram, wanda zai ci shi yana iya kasancewa a Yamai ko Faransa, bai san Sarkin Pawa ba, balle ya karɓi shaidarsa.

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya kuma hukunta ɓoye jiƙaƙƙen da cewa algus ne. Abin al'ajabi, danshin nan shi ne babbar musibar gujiyarmu, domin idan aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, fumfuna kan haifar mata da wani dafi mai suna afalatoksin, wanda masana suka gano bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, wanda suya ba ta kawar da shi, wanda kuma yake lalata hanta sannu a hankali. Tunkuzar wannan gujiya ita ce ke shiga ƙuliƙuli, ita ce kuma ke shiga labun kilishi.

Saboda irin wannan ɓoyayyen aibi aka tsara ƙa'idar HACCP a Amurka, asali don abincin masu zuwa sararin samaniya, sannan ƙungiyar ISO ta gina mizanin ISO 22000 a kanta a 2005, ta sabunta shi a 2018. Maƙasudinsa shi ne mai sana'a ya bi aikinsa daki-daki, ya gane gaɓar da cuta ke iya shiga, ya sa mata haddi, ya riƙa rubuta abin da ya auna. Daga nan sai wani baƙo da ba shi da rabo a cinikin ya zo ya bincika, ya ba da shahada ta shekara uku, yana komowa kowace shekara. A Nijar akwai hukumar ANMC mai kula da mizani da awo da ba da shahada.

A ganina, kuɗin wannan bincike ya fi ƙarfin mace guda mai matsar mai a Matamaye, sai fa in sun haɗu ƙungiya. Littafi da alƙalami dai ba su fi ƙarfinta ba, kuma mai binciken nan, in ya yi sallama, kafin ya ɗanɗana komai littafin yake fara tambaya: daga wace kasuwa buhun nan ya zo, ran wace rana, wa ya duba bushewarsa.