Kurege a Dajin Birnin Gwari

Da wuya a sami Bahaushen da ya tashi bai ji labarin kurege a tatsuniya ba, musamman irin wasan da yake yi da hankalin kura. Amma kaɗan ne suka tsaya suka dubi dabbar ita kanta. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana halittar kurege da yadda yake zaune a ƙasar Birnin Gwari, domin a ga cewa wayon da ake jingina masa yana da tushe a ɗabi'arsa, kuma zamansa yana da dangantaka da halin da dajin yake ciki.

Kurege yana cikin dangin dabbobi masu gwaguya, wato dangi ɗaya da ɓera da gafiya da beguwa. Abin da ya haɗa su shi ne haƙoran gaba huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, waɗanda ba su daina tsiro muddin rai, sai gwaguya ce take rage su. (Jaɓa da zomo ba sa cikin wannan dangi, ko da yake jama'a kan sa su ciki.) Masanin dabbobi ɗan ƙasar Faransa, Geoffroy Saint-Hilaire, shi ne ya fara siffanta shi a rubuce a 1803, kuma an daɗe ana kiransa Xerus erythropus a littattafan kimiyya. Nauyinsa yakan kama daga rabin kilo zuwa kilo guda. Gashinsa kaushi gare shi, launin ƙasa, da farin zane a kowane gefe, ga ƙananan kunnuwa, ga wutsiya mai bazar gashi wadda ta kusa kai tsawon jikinsa.

Dajin Birnin Gwari daji ne na doka da maje da ƙirya da kaɗanya, inda damina take kawo doguwar ciyawa, rani kuma ya busar da ita ƙurmus. A nan ne dajin Kamuku yake, wanda En'e ta keɓe a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Sai dai kurege ba mazaunin ƙurmi ba ne. Ya fi son sarari, da bakin gona, da gindin duwatsu, da tsohuwar suri, inda ƙasa take da sauƙin tono kuma ido yake kaiwa nesa.

Da rana yake kiwo. Yakan fito da hantsi, ya koma rami in rana ta take, sa'an nan ya sake fitowa da la'asar. In zai kwana yakan toshe bakin ramin da ƙasa daga ciki. Yana cikin kiwo sai ya miƙe kan ƙafafun baya ya duba, da ya hangi shaho ko dila ko maciji sai ya yi ƙara ya ruga. Abincinsa 'ya'yan itatuwa ne da saiwoyi da ƙwayar ciyawa, wani lokaci da gara da ƙwan tsuntsaye. Macen takan haifi 'ya'ya biyu zuwa shida a cikin rami.

Babban abin lura a ɗabi'arsa shi ne ajiya. Kurege ba ya tara abinci wuri ɗaya. Yakan binne ƙwaya nan, ya binne can, har yakan ɗora busasshen ganye ko tsakuwa a kai don kada a gane wurin. Da wannan yake cin rani, lokacin da daji ba ya ba da komai. Lalle duk mafarauci ko makiyayin da ya taɓa ganin haka ba zai yi mamakin matsayin da tatsuniya ta ba shi ba. Kuma ba duk abin da ya binne yake komawa ya tone ba; wanda ya saura in ya sami ruwan sama yana iya tsirowa.

Ga manomi kuwa kurege maɓarnaci ne. Yana bin layin shuka ya tone irin masara da gyaɗa, ya koma kan rogo da dankali in sun yi. Wannan kuka gaskiya ne, amma yana da kyau a dubi mafarinsa. Duk inda aka sare doka da ƙirya don gawayi ko sabuwar gona, an mayar da ƙurmi sarari, wato irin wurin da kurege yake so, an kuma kawo masa abinci har bakin rami. Manyan itatuwan da shaho da mikiya suke sheƙa a kai su ma sun tafi. Maganin da aka fi yi masa, wato farautar rani da karnuka da cinna wa daji wuta, shi ma bai cika biyan bukata ba. Wutar takan bi ta kan ramin ta wuce, kurege yana ciki, abin da take cinyewa shi ne ƙananan doka da maje da suka tsiro a daminar da ta gabata.