Tsadar Aika Kaya ta Gidan Waya da Halin Ƙananan 'Yan Kasuwar Intanet

Bahaushe na kiran tambarin da ake manna wa wasiƙa "kan sarki", saboda hoton kan sarkin Ingila da ke jikinsa a zamanin mulkin mallaka. Sunan ya dace da lamarin, domin har yau hukumomi ne ke yanke kuɗin aika kaya ƙetare ta gidan waya, mai saye da mai sayarwa kuwa sai dai su wayi gari su tarar da sabon farashi.

Tushen tsarin shi ne Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya (UPU), wadda aka kafa a birnin Bern na Switzerland a 1874, kuma yanzu take da ƙasashe 192. Da farko ƙasar da aka aika saƙo daga cikinta ce ke riƙe kuɗin duka, wadda ta karɓa ta isar da shi kyauta, bisa zaton kowace wasiƙa tana da amsa. A taron Tokyo na 1969 ne aka shigo da ladan isarwa, wanda ƙasar mai aikawa ke biyan ƙasar mai karɓa, kuma a kwana a tashi ƙasashe masu tasowa suka samu rangwame. Sin tana cikinsu. Da cinikin intanet ya bunƙasa, sai ya zamana ƙaramin ƙunshi daga Sin zuwa Amurka kan fi araha a kan wanda aka aika daga wani garin Amurka zuwa wani. Amurka ta yi barazanar ficewa daga ƙungiyar a 2018, aka sasanta a Geneva a Satumbar 2019, aka ba ta damar yanke nata ladan daga Yulin 2020. Daga nan arahar ta fara gushewa.

Babban bugun ya zo ne ta fuskar kwastan. Daga 2016 zuwa 2025 Amurka ba ta karɓar kuɗin fito a kan ƙunshin da darajarsa ba ta wuce dala 800 ba. Ranar 29 ga Agusta, 2025, aka soke wannan afuwa ga dukkan ƙasashe, aka kuma ɗora wa masu jigila nauyin tattara harajin. UPU ta bayyana cewa gidajen waya 88 sun dakatar da aika kaya Amurka, wasu baki ɗaya wasu wani sashe, kuma yawan saƙonnin ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. A Nijeriya, a 2025 hukumar NIPOST ta sanar da cewa kowane ƙunshi mai tafiya Amurka, ban da wasiƙu da takardu, sai an biya masa dala 80 kafin ya tashi.

A nan ne ƙaramin ɗan kasuwa ya fi jin jiki, domin irin wannan kuɗi a kan ƙunshi yake hawa, bai damu da abin da ke ciki ba. A ɗauki misalin baduku a Kano da ke tallar jakunkunan fata a Instagram. Idan jakarsa ta dala 40 ce, harajin da aka sanar a 2025 kaɗai ya ninka kuɗinta sau biyu, ga kuɗin aikawa bai shigo lissafi ba tukuna. Babban kamfani kuwa kwantena yake cikawa ya ɗora a jirgin ruwa, ya sauke a rumbunsa na can, kuɗin ya rarrabu a kan dubban kaya; kamfanonin jigila ma sassauci suke yi masa saboda yawan abin da yake aikawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne manyan shagunan intanet sun sabar wa masu saye da "aikawa kyauta", alhali kuɗin yana cikin farashin kayan. Baduku ba shi da inda zai ɓoye nasa.

Mafitar da ta rage masa tsohuwa ce. Ko dai ya jira odar mutane da yawa ta taru ya haɗa su a ƙunshi guda, ko ya koma ga sallahu, ya nemi matafiyin da ke da sauran wuri a akwatinsa. Sallahu kuwa ba shi da lambar bin sawu, ba shi da ranar isa, kuma baƙon da bai san mai kayan ba da wuya ya biya kuɗinsa a kan haka.